Rasuwar Gwaggo Irma, Ana Hangen Gadar Fotugal

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, ni Arno Welker, tsohon mai tace labarai a wata ƙaramar jarida a garin Kassel, nake sanar da 'yan ƙungiyarmu ta masu yawo da motocin kwana rasuwar Gwaggo Irma, farar motarmu mai gado da kicin. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta wuce, a gefen titi kusa da Ayamonte, a kudancin Sifen. Ta rasu tana da shekara talatin da ɗaya. Daga inda ta tsaya ana hango gadar da ke shiga Fotugal.

Na ce motarmu, kuma ina sane. Rabinta nawa ne, rabinta na Gundula Sauer, wadda ta kasance matata.

Marigayiya ba ta da girman kai a wurin kwana. Ta kwana a zangon kuɗi mai wuta da ruwan zafi, a tsakanin mutanen Holan da ke jera tukwanen furanni a ƙofar motocinsu. Ta kwana a bayan coci a Faransa, da harabar wani mai tuffa a Sulobeniya, da bakin tafki a Suwidin inda sauro ya kusa ɗauke mu. A Suwizalan an taɓa karɓar mana kuɗin dare ɗaya da zai ishe mu mako a Folan, ba ta nuna ta fi jin daɗin wurin ba. Inda babu zango, ko akwai amma aljihu ya ƙi, mukan lallaɓa bayan itatuwa mu ja labule. Sau da yawa an ƙwanƙwasa mata ƙofa da sassafe, wani lokaci manomi da ƙwai a hula, wani lokaci ɗan sanda da takardar tara. Duka ta buɗe musu. Aibinta ɗaya da zan faɗa saboda gaskiya: tana shan mai, kuma ba ta taɓa koyon bambanci tsakanin dizal mai araha da mai tsada ba.

Waɗanda suka yi maƙwabtaka da ita a zango za su tuna muryarta. Tari biyu, kyah, kyah, sannan ta kama. Cokula na kacau-kacau a aljihun kicin idan ta hau titin duwatsu. Famfon ruwanta na tuk-tuk-tuk duk lokacin da wani ya wanke kofi. Yawancinsu sun san tarin nan ne tun gari bai gama wayewa ba, domin ni ba na kwana biyu a wuri ɗaya.

A kan wannan muka sha bamban da Gundula. Ina naɗe rumfa, ita tana zaune a kujera da kofi a hannu.

"Arno, kofin nan ko hucewa bai yi ba. Wa ya biyo ka?"

"Hanya ba ta jira," in ce.

"Hanyar nan tana nan tun zamanin Rumawa, sarkin gaggawa. Kai ne ba ka jira."

A cikin ƙofar marigayiya akwai taswirar Turai irin wadda kowannenku yake da ita, ana liƙa wa kowace ƙasa sitikarta. Sai dai dokarmu ta fi ta yawancinku tsauri, kuma Gundula ce ta kafa ta: ba a liƙa ƙasa sai mu biyu mun kwana a cikinta, a cikin motar. Wucewa ba kwana ba ne. Mun yi shekaru muna shiga Lukzambur shan mai mu fito, gurbinta na nan fari, sai da muka kwana a filin ajiye motoci na wani kanti kafin ta yarda. A haka taswirar ta cika, saura gurbi ɗaya a can ƙarshen yamma, na Fotugal.

Shekarar da muka nufi Fotugal, mun yada zango a bakin kogi kusa da Salamanka. Gundula ta ce tana son mako guda a wurin. Da safe ta fito ta tarar na cire katakon ƙarƙashin taya, ina shirin tashi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in sauke ta a tashar jirgin ƙasa, na sauke ta. Na kawo wannan ne don yana cikin tarihin marigayiya, ba don a yanke wa kowa hukunci ba.

Aure ya mutu, an sayar da gida, an raba littattafai. Mota ba ta rabuwa, sai muka raba shekara: daga Afrilu zuwa Yuli tata, daga Agusta zuwa Nuwamba tawa, lokacin sanyi ta huta a rumbun wani manomi. Duk inda mai ita ya gama yawonsa, ɗayan zai zo ta jirgin ƙasa ya karɓa. Tanki cike, akwatin ban-ɗaki a wanke, a sha kofi ɗaya, a miƙa mabuɗi. Shekara bakwai ke nan ba ma haɗuwa sai a wannan miƙa mabuɗin. Marigayiya ta shiga Fotugal da ni kaɗai, ta shiga da Gundula kaɗai. Babu wanda ya liƙa komai. Sitikar na nan a aljihun gaban mota.

Ciwon ajali ya fara da hayaƙi. A watan Agusta, da na je karɓarta a Bayonne, Gundula ta dafa mata gaba ta ce, "Tana tari fiye da da. Ka bar tsohuwar nan ta huta ko kwana uku ne."

"Zan duba," na ce.

"Za ka duba taswira dai."

Marigayiya ta hau duwatsun arewacin Sifen da ƙyar, tana cin man inji kamar ruwa. Ranar Talata, a wani ɗan hawa da bai kai a kira shi hawa ba, ta yi ƙara ɗaya, ƙwas, irin wadda ban taɓa ji daga gare ta ba. Cokula suka yi shiru. Bakanike Eusebio, wanda ya zo da janwe, ya leƙa injin ya goge hannu a wando.

"Baba, wannan ba ni take nema ba, limamin coci take nema. Injin ya buga."

"Sabon inji fa?"

"Da kuɗinsa za ka sayi irinta uku, har ka yi mini kyautar ɗaya."

Na tambaye shi da ta samu hutun kwana ukun nan, ko da ta tsira. Ya ce a'a. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Ina so wannan ya shiga tarihi.

Tun ranar ina wani ɗakin haya a saman garejinsa. Gadon ba ya motsi. Tagar na nuna bango guda safe da yamma. Nakan sauka bakin kogi in dawo, in sake sauka, ina kallon motocin kwana suna haye gada ɗaya bayan ɗaya, ina gane ƙasar kowace daga lambarta. Jiya na tsinci kaina a tashar bas ina karanta sunayen garuruwan da ba ni da abin yi a cikinsu. Eusebio ya ce idan ban daina zagaye masa gareji ba, zai ɗaure ni a jikin janwe.

Marigayiya ta bar ni, da Gundula, da 'yarmu Maike wadda ta koyi tafiya tana dafa gado zuwa murhu. Ta bar buta, da kujeru biyu masu naɗewa, da mabuɗi ɗaya wanda daga yau babu dalilin miƙa shi ga kowa.

Na sanar da Gundula ta waya.

"Ka dai kashe ta," ta ce.

"Tsufa ne. Ina da shaidar bakanike."

"To me kake so in yi?"

"Zan aiko miki a rubuce."

"Kai dai, ɗan jarida. Bakinka bai taɓa iya abin da alƙalaminka ya iya ba."

Ga tsarin jana'iza. Akwai masu fasa tsofaffin motoci a nan ɓangaren Sifen, kuma sun fi sauƙi. Ban zaɓe su ba. Ranar Lahadi da hantsi janwen Eusebio zai ɗauki marigayiya ya haye gada da ita zuwa wani filin fasa motoci kusa da Castro Marim. Mai filin ya yarda ta kwana ɗaya a ƙarƙashin ɓaurensa kafin injin matsewa ya karɓe ta ranar Litinin. Ya ce ba zai karɓi kuɗin zango daga gawa ba. Gado na nan ga Gundula, ni kujerar direba ta ishe ni. Idan ta zo, za a liƙa sitika, a kwance ƙofar a ajiye. Idan ba ta zo ba, doka doka ce: ƙofa za ta bi gawa da gurbinta fari. Jirgin ƙasa daga Faro yana tsayawa kusa. Ba a buƙatar furanni.

Gyara. Kamar yadda aikin jarida ya tanada, na aika wa ɗaya ɓangaren wannan sanarwa kafin a buga, don ba shi damar martani. Martanin Gundula ya iso yau da rana, ga shi yadda yake: "Kwana uku, Arno, ko babu. Kuma ni zan riƙe mabuɗin."

Na yi magana da mai filin. An ɗage jana'izar daga Litinin zuwa Laraba. Ban taɓa kwana uku wuri ɗaya a cikin marigayiya ba, kuma ban san me mutane ke yi a rana ta biyu ba. Injin dai ba zai tashi ba. Masu zuwa ta'aziyya su zo da kujerunsu. Za a ba da kofi, kuma za a jira ya huce.