Yadda Ake Ba Tsohon Kan Jirgi Sabuwar Lamba Ba Tare da an Kore Ka Ba

In ka bi matakan nan, aikinka zai tsira. Maikano mai walda ya gwada su a gidan hutun kafil ɗinsa Abu Zaid, ubangidan da ya tsaya masa a Saudiyya, a bayan Riyad, inda aka girke wani tsohon kan jirgin ƙasa mai cin kwal don baƙi su gani. Saura wata ɗaya iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, kuma sai kafil ya ga dama zai sabunta.

1. Ka yi ɓarnar da zuciya ɗaya

Abu Zaid ya ce a cire tsatsa, komai ya yi ƙyalli. Maikano ya sa injin gurza ya cire tsatsa, ya haɗa da lambar da aka buga a jikin ƙarfen shekara ɗari da suka wuce. Ƙyalli kam an samu.

2. Kada ka tambayi mai jirgi

Shi ma bai san lambar ba. In ka tambaya, ka tuna masa ke nan cewa da akwai ta.

3. Abin da ya ragu, gyara ne

Da aka kwance tukunyar jirgin aka mayar, bututu biyu da noti cikin bokiti suka rasa wurin zama. Kada ka ɓoye su. Ka jera su a kan tebur, ka ce an cire su ne tun zamanin Turkawa don jirgin ya ƙara gudu. Jirgin da ba shi da layin dogo ba zai ƙaryata ka ba.

4. Ka zaɓi lambar da ba za ka manta ba

Ran Juma'a a unguwar Batha, abokinsa Jibirilla ya ce masa, "Wallahi ka gudu kawai." Maikano ya ce, "In gudu ina, da 'ya'ya huɗu a Zariya?" Ya koma ya buga wa jirgin lambobi huɗu na ƙarshen iƙamarsa. Su kaɗai ya haddace a ƙasar nan.

5. In masani ya zo, ka riƙe masa gahawa

Dakta Kamil, baƙon da kafil ya gayyato, ya duƙa ya daɗe yana shafa lambar.

"Wannan ba ta cikin kowane littafi," in ji shi.

Maikano ya fara tunanin abin da zai shiga akwatinsa.

"Ma sha Allah," Dakta ya ci gaba. "An sauya masa lamba ke nan, ba wanda ya rubuta. Abu Zaid, irinsa ɗaya ne a duniya."

6. Ka karɓi rabonka

Abu Zaid ya sa an zuba lambar a kan tagulla, an yi wa jirgin rumfa, ya ce ko bayan ransa ba mai fitar da shi daga gidan. Maikano kuwa an sabunta masa shekara ɗaya. Kullum da safe shi ke goge lambarsa a jikin jirgin da ya samu zaman dindindin da ita.

Gargaɗi: In naka masanin ya nemi ganin iƙamarka, mai wannan rubutu bai san ka ba, bai taɓa ganin jirgi ba.