Lasifika Ya Kamo Mai Toshe Kwata

"Ni da kuke gani," in ji ɗan majalisarmu, yana zaune a kujerar mai aski, rabin gemu a aske, rabi cikin kumfa, "ranar da na miƙe a zauren majalisa na fuskanci Kwamishinan Ayyuka, sai an kawo masa tawul biyu. Ɗaya na gumi, ɗaya na hawaye."

Mai aski ya ce, "Ranka ya daɗe, daina kaɗa kai, kar in haɗa da kunne."

Bari in gabatar maka da shi, aboki. Sunan da ya raɗa wa kansa Aradu. Mu 'yan titin kasuwa kuwa Lasifika muke ce masa, domin ko gaishe ka zai yi, sai na ƙarshen layi ya amsa. Ba mugu ba ne, ban yi masa ƙarya ba. Matsalarsa ɗaya: ko'ina za shi, bakinsa ne ke fara isa, hankalin ya biyo baya a ƙafa.

Tun da gwamnatin ƙasa ta sakar wa yankinmu wasu ayyuka, su kasuwanni, shara da magudanan ruwa, aka kafa mana tamu gwamnatin da kwamishinoninta, mu kuma muka zaɓi 'yan majalisa su sa musu ido. Gwamnatin yankin ta fito da tsari mai daɗin ji: kafin ruwa ya kankama, za a yashe kowace kwata. To, tamu ta titin kasuwa ba ta ji wannan sanarwa ba. Ko yayyafi aka yi, sai titi ya koma kogi. Ni takalma nake sayarwa, kuma da idona na ga silifa ƙafa ɗaya ta kama hanya ta bar 'yar'uwarta. Iya mai tumatir, tsohuwar da ke kusa da rumfata, ta gaji da bin kayanta cikin ruwa har ta fara maganar barin sana'a.

Muka kai wa Lasifika kuka. Ya bugi ƙirji har sai da ya yi tari.

Ya fara da gwaji a gida. Ya zaunar da matarsa a kujerar falo, ya ce ita ce Kwamishina, shi kuma ya ɗauki ludayi a matsayin makirufo.

"Baban yara," in ji ta, "ka dai karanta tsarin da za ka yi tambaya a kai?"

"Karatu na masu shakka ne. Zauna ki sha tambaya." Ya gyara murya, ya nuna ta da yatsa. "Kin ci amanar jama'a. Kin bar gida cikin ƙazanta. Yau sai kin yi mini bayani, ko ki tattara kayanki ki bar wurin nan."

Mahaifiyarsa tana ɗakinta tana lazimi. Sai ga ta ta fito, carbi a hannu ɗaya, sanda a ɗayan.

"Wa zai tattara kaya? Yarinyar da ta haƙura da kai tun kana yawo da takalmi ɗaya?"

"Inna, Kwamishina nake wa magana."

"Au, har suna ka sa mata? Durƙusa ka ba ta haƙuri."

Haka mai girma ɗan majalisa ya durƙusa da ludayi a hannu, ya ba Kwamishina haƙuri tun kafin a shiga zaure. Ita kuwa ta gyara zama ta ce za ta duba lamarin.

Ranar tambayoyi ta zo. Muka rufe rumfuna, muka cika benen 'yan kallo. Kakakin majalisa ya ba shi dama, ya kuma tuna masa cewa lokacin kowa ƙayyadadde ne. Lasifika ya miƙe. Ya gai da Kakaki. Ya gai da mataimakin Kakaki. Ya gai da akawu, da mai ɗaukar sanda, da mu na sama, da waɗanda suka so zuwa ba su samu mota ba. Ya kawo tarihin yadda aka haife shi ana ruwa. Kwamishina, wani siririn dattijo mai tabarau, ya zauna yana jira kamar mai jiran mota a tasha.

A ƙarshe Lasifika ya cika ƙirji ya ce, "Saboda haka, tambayata ita ce..."

Ƙit, aka kashe makirufo.

"Lokacinka ya cika," in ji Kakaki. "Mun gode da gaisuwa, duk mun amsa."

Sai wata 'yar majalisa da ake kira Malama, mai wakiltar unguwar da ke bayanmu, ta miƙe ta tambaya a numfashi ɗaya: me ya sa ruwa ke kwanciya a titin kasuwa, kuma yaushe za a gyara? Kwamishina ya ce an yashe kwatar, amma akwai abin da ya tokare can cikin kwalbatin da ke ƙarƙashin titi, sai an ɗaga murfin siminti. Malama ta ce majalisa ba za ta karɓi "sai an" ba, a sa rana, kwamiti ya je ya gani da ido. Aka sa rana, kowa ya amince.

Kafin mu sauko daga bene, Lasifika ya riga mu waje, yana gaya wa 'yan jarida cewa shirunsa ne ya firgita gwamnati.

Ranar ziyara ya zo cikin fararen kaya, ƙal kamar sabon kwano, da turaren da ya kusa fin kwatar ƙarfi. Ya gayyato gidan talabijin, ya gayyato rediyo. Kwamishina ya zo da ma'aikatansa da dogayen ƙugiyoyi. Malama da sauran 'yan kwamiti suka tsaya gefe. Aka ɗaga murfi. Warin da ya taso ya sa kowa ya ja baya, ban da Lasifika, wanda ya ga kyamara ta juyo.

"Jama'a su shaida," in ji shi. "Duk abin da aka zaro daga ramin nan, a nuna wa duniya. Ba rufa-rufa. Kuma duk mai hannu a ciki, ko ɗan wane ne, sai an kira sunansa a zauren majalisa."

"Mun yarda," in ji Kwamishina.

Aka fara zaro ledoji. Aka zaro tsohuwar taya. Aka zaro silifa, na ce tawa ce, ba wanda ya kula ni. Can sai ƙugiya ta kama wani abu mai nauyi. Ƙarti suka taru suna ja, suna nishi, har wani ƙaton ƙunshi ya fito, baƙi ƙirin, a nannaɗe kamar tabarmar ƙattai. Fitowarsa ke da wuya sai muka ji ƙuuu, ruwan da ya kwana biyu yana hararar mu ya kama hanya da gudu.

Lasifika ya yi tsalle ya kama gefe ɗaya da hannunsa, bai ko damu da fararen kaya ba.

"Ku warware shi. A watsa masa ruwa kowa ya gani."

Aka warware, aka watsa bokiti. Shi yana riƙe da kusurwa, ya ba abin baya, fuskarsa na kallon kyamara.

"Ku dube shi da kyau," in ji shi. "Wannan shi ne maƙiyin talaka. Wannan shi ya hana Iya cin abinci. Shekara da shekaru yana kwance a wuri ɗaya, ba ya aikin komai sai tare hanya."

Dariya ta fara daga baya, ta biyo layi har gaba. Lasifika ya ɗauka tafi ne ke tafe, ya ƙara murya.

"Irin wannan ba a yi masa sassauci. A ƙone shi."

Malama ta matso a hankali ta ce, "Abokin aiki, ɗan waiwaya."

Ya waiwaya. Ƙaton ƙyallen kamfe ne, irin wanda ake ɗaurawa daga wannan gefen titi zuwa wancan, wanda iska ta tsinke bayan zaɓe ba wanda ya nemi inda ya faɗa. A tsakiya ga fuskar Lasifika, faɗinta ya kai ƙofar shago, tana murmushi da laka a haƙora. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: ZAƁI ARADU, MAI BUƊE HANYA.

Ya saki kusurwar da yake riƙe da ita kamar ta ƙone shi. Sannan ya ce, "Wannan aikin 'yan adawa ne."

Iya mai tumatir ta leƙa ta ce, "A'a, ɗan nan, kai ne. Ga ma wushiryar."

Kwamishina ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai yi dariya ba, Allah ya sani dattijo ne. Ya yi wa kwamiti alkawarin sa raga a bakin kwalbatin, Malama ta ce za su dawo su duba. Sannan ya juya ga Lasifika cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, batun kiran suna a zaure, kai za ka kira, ko a taimaka maka?"

Tun ranar titinmu bai sake kwana da ruwa ba, Iya ma ta fasa barin sana'a. Lasifika kuwa ya so ya sulale, amma motarsa na can ƙarshen layi, dole ya ratsa kasuwa a ƙafa, da laka har gwiwar hannu. Yana tafe, rediyon kowace rumfa na karanta labaran rana, murya ɗaya daga farkon layi har ƙarshe:

"An shawo kan ambaliyar titin kasuwa. Injiniyoyi sun tabbatar da cewa ana cire ɗan majalisar yankin, komai ya koma daidai."