Rasuwar Gimbiya, Iyakwandishan Ɗakin Maigida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ya fi baƙin cikin yawa, Uwar Biyu, malamar jinya mai ritaya, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar iyakwandishan ɗinta, wadda mutanen gida ke kira Gimbiya. Ta cika ranar Talata da tsakar rana, tana da wata goma sha huɗu a duniya.

Marigayiyar 'yar babban gida ce. Ranar da aka ɗauko ta, mai shago ya rantse irinsu ba sa mutuwa, sai dai a gaji da su. Uwar Biyu kuwa ba don ƙawa ta kawo ta ba. Shekara uku ke nan maigidanta yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Zafi na ɓare masa fatar baya, sanyi na kama masa ƙirji.

A faɗi gaskiya, wata takwas na farko ta nuna tarbiyya. Ba ta da surutu, "fuuu" kawai take yi. Da zafi ta sanyaya ɗaki, da sanyi ta ɗumama shi. Gyambon bayan maigida ya warke, har yana barcin rana da minshari.

Sai ciwo ya kama ta. Ta fara yoyo daidai kan gadon mara lafiya, daga nan sai "kar-kar-kar", sai shiru. Injiniyan kamfani ya zo da ƙatuwar jaka, ya shafa ta, ya ce datti ne. Zuwa na biyu ya ɗora wa wutar gidan laifi. A na uku ya ce, "Mama, garantin nan na robar jikinta ne, ban da injin ciki."

"To ɗana, robar ce ke hura iska?"

Ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Ranar da ta cika, awa huɗu Uwar Biyu ta yi tana yi wa mijinta fifita da murfin kwali. Kafin mako ya zagayo, gyambon ya dawo sabo fil. Wannan ne ba za ta yafe ba.

Marigayiyar ta bar rimot guda, maraya, da takardar garanti mai shafi goma sha biyu da ba ta taɓa tsinana wa kowa komai ba, da rami a bango da ƙadangaru suka gada. Tsohuwar fankar da aka jefa sito saboda ita ta koma bakin aiki ba tare da gori ba. Iyali na neman afuwarta.

Za a ɗauki gawa a baro ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, lokacin da masu saye ke cika shagon da aka sayo ta, a shimfiɗe ta a ƙofarsa. Uwar Biyu za ta zauna gefenta tana karɓar gaisuwa, duk wanda ya zo sayen irinta zai ji tarihinta tun daga farko. Masu zuwa su taho da kujerunsu, don zaman makokin ba zai tashi ba sai manaja ya fito.