Ranar da Zumuntar Mata Ta Rera Lambar Martin

"Ni Martin, ɓarawon da zai shiga wayata ba a haife shi ba tukuna. In ma an haife shi, bai fara rarrafe ba!"

Kullum haka Martin yake cika baki a ɗan shagonsa na Samaru, inda yake sayar da caja da murfin waya. A allon shagon ya rubuta INJINIYA da jan fenti, alhali iyakar injiniyancin nasa manna gilashi a fuskar waya, shi ma sai ya bar kumfa a tsakiya. Shi ya sa ɗalibai suke kiransa Oga Kumfa in ya juya baya.

Abin da ke damun Oga Kumfa a duniya ɗaya ne, auren Clara. Ita dai tana so, amma uwarta, Mama Bibiana, shugabar zumuntar mata a wata coci a Sabon Gari, ta ce atafau. Dalili kuwa, ranar da ya fara zuwa gidan ya shigo da abin sauraro toshe a kunne, ya ɗaga mata yatsu biyu ya ce da Turancin titi, "Mama, hafa?" Tun daga ranar ta ce ba ta ba da 'yarta ga wanda bai iya gaisuwa ba.

Ana nan sai 'yan damfara suka addabi matan zumunta ta waya. Martin ya ga dama ta samu, ya aika cewa zai zo ya koya musu tsaron waya kyauta.

Clara ta ja shi gefe ta ce, "Wannan ce damarka ta ƙarshe. Don Allah in ka shiga, ka durƙusa ka gaishe ta."

"Ke bari kawai," in ji shi. "Yau ilimi ne zai yi gaisuwa."

Ran Alhamis da rana tsaka ya sauka daga acaɓa a ƙofar cocin sanye da kwat, gumi har cikin takalmi. Ya wuce Mama Bibiana da ɗan ɗaga gira. Ya jona wayarsa da majigin da ake haska baitocin waƙa a bango, ya kuma jona ta da lasifika, don kada kowa ta rasa ko ɗigon hikimarsa.

"Doka ɗaya gare ni," ya ce. "Duk abin da ya fito a bangon nan, ku karanta da ƙarfi, baki ɗaya!"

Mai karatu, ai ko bai faɗa ba. Matan nan shekara da shekaru duk abin da ya hau bangon nan rera shi suke yi, har da mai kaɗa musu tulu.

Darasin farko ya fito, suka ɗauka: "Kada ki faɗa wa kowa kalmar sirrinki!" Tulu ya amsa. Kan Martin ya ƙara girma. Ya buɗe imel ɗinsa don ya nuna musu inda ake rubuta kalmar, sai yatsa ya zame ya taɓa ɗan idon nan mai tona abin da aka ɓoye.

"Martin kyakkyawa ɗaya!" in ji zumunta.

"A'a, a'a! Wannan misali ne na irin wadda ba a so!" Ya share gumi. "Mu je darasi na biyu, yadda ake ɓoye saƙo don kada mai leƙe ya gani."

Bai rufe baki ba saƙon mahaifiyarsa ya sauko daga saman bango.

"Martin, ka sha maganin tsutsar cikin da na aiko?" in ji zumunta, har da masu siririyar murya a baya.

Madam Bukola mai sayar da atamfa, tsohuwa mai tausayi, ta ce, "Ka riƙa sha, ɗana. Ga shi duk ka rame."

Clara ta sa kai a cinya. Shi kuwa yana neman ramin da zai shiga, sai wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ya amsa, murya ta cika cocin.

"Salama, Ɗan'uwa Martin. Daga kwamitin addu'a ne. Za mu sa ka a taron da za a yi ta waya. Yanzu wata lamba za ta shigo maka, sai ka karanto mini."

Daɗi ya kama Martin. Ya ƙyafta wa mata ido ya raɗa, "Ga ɓarawo ya kawo kansa. Lambar shiga WhatsApp ɗina yake nema. Ku ga aiki." Ya juya wa bango baya, ya turo ƙirji. "Kai ɗan damfara! Ka san da wa kake magana? Injiniya Martin na Samaru! Ko za ka mutu ba za ka ji lambar nan daga bakina ba!"

Gaskiya ya faɗa, daga bakinsa ba a ji ba. A bayansa lambar ta sauko bango, ɓaro-ɓaro. Mai tulu ta gyara zama.

"Huɗu! Bakwai! Biyu! Biyu! Takwas!"

"Ku yi shiru! Ku yi shiru!" Martin ya yi tsalle yana tare bango da kwat, amma lambar ta koma kan bayansa.

Muryar ta ce cikin ladabi, "Iyaye mata, ta ƙarshen ce ban ji ba, ihu ya yi yawa."

"Tara ce, ɗana," in ji Madam Bukola.

"Allah ya yi muku albarka." Ƙit, ya kashe.

Kowa na kallo WhatsApp ɗin Martin ya fice daga wayarsa ba ko sallama. Clara ta ɗago ta ce, "Ina makulli na biyun da ka ce yana hana irin wannan?"

"Shi ne darasi na uku."

"Ka sa shi a taka wayar?"

Injiniya ya tsaya kallon fanka.

Dama sun sa shi a dandalinsu na WhatsApp saboda darasin. Can sai wayoyin mata suka fara ƙara bi da bi, saƙo daga Martin, ga kuma Martin tsaye hannu rabbana. Mama Bibiana ta sa tabarau, ta karanta nata a hankali:

"Barka da rana, Mama. Ina gajiya? Yaya gida, yaya ƙafar taki? Na durƙusa har ƙasa. Ɗanki ne Martin, ina asibiti, a taimaka mini."

Ta cire tabarau ta ce, "Mata, kun dai gani da idonku. Kada wadda ta tura masa komai, kada wadda ta ƙara karanta wa wani lamba. Darasi ya shiga."

Martin ya ɗan samu numfashi. Ya matso yana gyara kwat. "Kin gani ko, Mama? Dama da gangan na..."

Ta ɗaga masa yatsu biyu. Ta sake duban saƙon, ta girgiza kai, ta juya wajen 'yarta.

"Clara, ɓarawo ne, na sani. Amma a Martin ɗin nan biyu, in dole sai kin auri ɗaya, ki nemo mini wanda ya tambayi ƙafata."