Miyar Inna da Turancina

Ran da na fara kai gaisuwa gidan surukaina a Gummi, ina ji da wata kalmar Turanci da na tsinta, wai "stench". A zatona ƙamshi take nufi. Da na share tuwo a zaure, sai na shiga na durƙusa, na gyara murya.

"Inna, tun daga titi nike jin stench ɗin miyarki."

Surukata ta dubi ƙanwar matata, malamar Turanci. "Mi yac ce?"

"Wai miyarki ɗoyi takai, irin na mushe."

Tuwon Inna bai sake isowa gabana ba sai da matata ta haihu. Har yau yaran gidan suna hango ni za su toshe hanci: "Maraba da Malam Sitenci!"