Zaki a Jarida, Ƙaguwa a Sama

"Sannu da hutawa, angona. Ko amarya ba ta isa a amsa mata ba?"

"Au, ke ce? Na ɗauka mai tallan gawayi ce."

Alhaji Babani ke nan, tsohon falken goro, zaune a tabarmarsa a unguwar Belleville. Yanar ido ta rufe masa gani. Gobe likita zai yi masa aiki, amma ya ce ba inda za shi. Abin da ya taso jikarsa Jamila ke nan tun daga unguwar Adjamé da tsohon ciki, jarida a hannu.

Ta buɗe jaridar ta ce, "Katin shaidarka ya ce farkon Agusta aka haife ka, burujinka Zaki. Ga shi sun rubuta, satin nan Zaki zai ga alheri."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Masu jaridarki kalanda suke bi, suna ƙirgawa daga ranar da dare da yini suka yi daidai. Mu da muka bi ayari, sama muke dubawa. Taurari sun daɗe da gusawa, sun bar su da gurbi. A Ƙaguwa aka haife ni, kuma bana Ƙaguwa ba ta da sa'a."

"Shi ya sa! Ana nuna maka ƙofar asibiti kana tafiya a karkace."

"Ƙaguwa dai ta fi matar da ko shayi ƙona shi take."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya ja carbi, muryarsa ta yi ƙasa.

"Aminina Sahabi da ƙafarsa ya shiga ɗakin aikin nan. A makara aka fito da shi."

Jamila ta ajiye jaridar, ta durƙusa da ƙyar ta kama hannunsa.

"Kaka, yaushe rabonka da ganin tauraro?"

Ya sunkuyar da kai, ita ta ci gaba.

"To ƙila sun sake gusawa ba ka sani ba. Jarida ba ta san gobe ba, Ƙaguwa ma haka, sai Allah. Haihuwata ta kusa. In ɗan ya zo mummuna, ina so ka gani da idonka, kada ka ce ba kai ya ɗebo ba."

Tsoho ya yi murmushi, sannan dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya lalubo farin goro a aljihu ya danƙa mata.

"Ki zo da taksi da sassafe. Amma in na buɗe ido na tarar ashe haka kike, a bakin aurenki."