Rasuwar Bencin Ƙofar Shagon Kafinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani ɗaci da ya fi baƙin cikin wuyar haɗiyewa, kafintan ƙarshen layi da iyalinsa suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa sauke gajiya a ƙofar shagonsa, rasuwar Benci. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara ashirin da shida, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya.

An haifi marigayin a cikin shagon, daga katakon wata ƙofa da mai ita ya fasa karɓa. Kafinta ya ƙera shi ne saboda ƙaninsa Auta, wanda mahaifinsu ya rasu ya bar masa yana aji uku, don ya samu inda zai ɗora littafi ba cikin garin katako ba. A kan marigayin Auta ya koyi lissafi. A kansa ya yi kukan faɗuwa jarrabawa, a kansa kuma ya hau da takalmi yana tsalle ranar da ya ci, yayan nasa bai ce masa sauka ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, bai taɓa kai ƙara ba. Mutum biyar yake ɗauka, shida idan da tela a ciki, don tela ba ya cin wuri. Maganarsa ɗaya ce a duniya, “ƙiii,” ita ma sai mai jiki ya zauna ba sallama.

A shekararsa ta ƙarshe ya ɗauki gardamar da ta fi kowacce nauyi. An kawo shawarar a soke harajin da ke ƙaruwa gwargwadon samun mutum, a maye gurbinsa da haraji guda: kashi ɗaya cikin goma, ga mai kamfani da mai faci. Tsohon malamin makaranta, mazaunin gefen dama, yana goyon baya. A ganinsa manya da lauyoyinsu sun daɗe suna sulalewa ta ramukan tsohuwar doka, doka mai layi ɗaya kuwa ba ta da ramin ɓuya. Mai gyaran takalmi, mazaunin gefen hagu, yakan ce idan aka yanki kashi ɗaya cikin goma na bargon attajiri ba zai ma sani ba, shi kuwa nasa bargon dama ƙafa a waje take kwana. Tela yana bayan duk wanda ya sayi shayi ranar.

Kafinta kan bar musu gardamar ya ci gaba da aikinsa, saboda zuwa lokacin Auta ya zama babba, yana cikin masu tsara dokar. Amma hankalinsa a kwance yake. Auta ya faɗa masa da bakinsa cewa masu ƙaramin ƙarfi ba za a taɓa su ba, shi kuwa bai taɓa auna maganar ƙaninsa sau biyu ba, ko da yake katako sau uku yake aunawa.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da Auta ya zo da mota biyu da masu kyamara, wai ana shirya fim a kan tsofaffin masu sana'ar hannu. Kafinta ya koma gida ya sako rigarsa mai kyau. Masu kyamara suka ja marigayin ta ƙafa ɗaya zuwa inda ya fi haske, shi da ba a taɓa ja a ƙasa ba. Auta da wasu ƙosassu biyu suka zauna a gefe guda, aka ajiye kafinta a ɗaya gefen. A nan aka ji marigayin ya yi wata sabuwar magana, “ƙas.” Kafinta ya zabura zai duba.

“Zauna abinka, Yaya,” in ji Auta, yana murmushi ga kyamara. “Katako ne. Ba su labarinsa.”

Ya ba su. Ya ce, “Wannan benci ba ya bambanta kowa, babba da ƙarami wuri ɗaya suke zama. Amma in an tashi ɗaukarsa, ba zan ce tela ya ɗauki daidai da ni ba. Mai ƙarfi ke kama gefen da ya fi nauyi.”

Bayan kwana huɗu fim ya fito a talabijin da wayoyin mutane. Rabin maganar na farko kawai aka bari. A ƙarƙashin fuskar kafinta, da rigarsa mai kyau, an rubuta cewa har talaka ya yarda da haraji ɗaya ga kowa. A makon ne kuma aka karanta daftarin dokar, babu inda aka ware masu ƙaramin ƙarfi.

Mai gyaran takalmi ya kwashe kayansa ya koma tsallaken titi kan gwangwanin fenti, ya ce shi ba ya zama a kan ɗan fim. Tela ya bi shi, duk da ba a sayi shayi ba. Malam kuwa ya zo takanas ya yi wa kafinta barka da gane gaskiya, wannan ta fi ta mai takalmi zafi. Da kafinta ya kira Auta, sai Auta ya ce masa minti ɗaya ake ba su a talabijin, ba a iya sa komai duka, kuma nan gaba zai gane amfanin abin. Bai yi faɗa ba. Ya ce to, ya kashe wayar.

Duk wanda ya san sana'ar ya san ƙusa uku da gam sun isa su ceci marigayin. Sau biyu kafinta ya ɗauko guduma ya tsaya a kansa, sau biyu ya mayar. Ranar Talata ya fito da kofin shayinsa ya zauna a tsakiya shi kaɗai, shi da bai kai nauyin buhu ba. Marigayin ya ce “ƙiii” a hankali, sannan ya durƙusa.

Ya rasu ya bar teburin aiki, abokin haihuwarsa, da kyanwar da ke barci a ƙarƙashinsa, da gardamar da ba a kammala ba. Iyali sun daɗe suna shawarar ko a sa Auta cikin waɗanda ya bari. An sa, saboda gaskiya ce. Ana kuma godiya da kujerun ƙarfe huɗu masu katifa da ya aiko jiya. An mayar da su cikin motar da ta kawo su, ba a cire musu leda ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a ƙofar shago. Ba za a ƙona gawa ba, duk da roƙon mai toye-toyen bakin titi. Za a zare ƙusoshinta, a jingine ta a bayan shago inda ruwa ba ya kaiwa. Kafin nan kafinta zai tsaya a gaban jama'a ya faɗi ragowar maganarsa da aka yanke, kuma mai gyaran takalmi ya aiko cewa zai tsallako ya ji. Ana karɓar gaisuwa a tsaye, babu wurin zama. Ba a buƙatar kyamara.

An tura wa Auta saƙo, ya buɗe, bai amsa ba. Da farko kafinta ya ce ƙarfe goma daidai za a ɗauki gawa, ba za a jira kowa ba. Sai da aka kusa gama rubuta wannan sanarwa ya leƙo ya ce a mayar da shi goma da rabi, wai hanyar shigowa layin tana da cunkoso.